Kunnuwar kwamfuta ba shaidar lafiyarta ba ce

Masu tilasta wa furosesa gudun da ya zarce ƙa'idar masana'anta suna da wata ɗabi'a: da kwamfuta ta daskare, sai su ƙara boltej, su gwada Cinebench na minti goma, su ce ta daidaita. Wannan ganganci ne.

Ƙarin kashi 10 na boltej kan ƙara kusan kashi 21 na wutar da furosesa ke ci, tun ba a taɓa gudunta ba, kuma duk zafi yake komawa. Lalacewar kuwa ba ta sallama. A 2024 kamfanin Intel da kansa ya amince cewa yawan boltej ne ke nakasa furosesoshinsa na zubi na 13 da na 14. Ya fitar da gyaran da ke hana su neman fiye da bolt 1.55, amma wadda ta riga ta lalace sai dai musanya. A 2023 AMD ya ƙayyade boltej ɗin SoC a 1.3 bayan wasu Ryzen 7000X3D sun ƙone. In maƙeran abin sun yi tuntuɓe, ina ga mai kwafo lambobi daga YouTube? Furosesa biyu masu suna ɗaya ma juriyarsu ba ɗaya ba ce.

Sau tari matsalar daga RAM take, ko daga zafi: saitin da ya tsaya a ɗaki mai sanyi a Jamus yana iya faɗuwa a Kano cikin Afrilu. A riƙa sauya abu ɗaya tak, a bar Prime95 ya kwana yana aiki, washegari MemTest86. In kuskure ya fito, a rage gudu kafin a taɓa boltej.