Dokar da Ba Ta da Muhtasibi

A shekarar 1988, sa'ad da aka gano cewa wasu 'yan kasuwar Italiya sun jibge dubban ganguna na shara mai guba a garin Koko, cikin tsohuwar Jihar Bendel, hankalin mahukunta ya tashi ƙwarai, har Nijeriya ta kafa doka mai tsanani a wannan shekarar, aka kuma tilasta a kwashe gangunan. A 1989 duniya ta ƙulla yarjejeniyar Basel kan fataucin irin wannan shara. Da ƙasashen Afirka suka ga ta yi sassauci, domin ta halatta fataucin sharar matuƙar ƙasar da za a kai wa ta yarda, sai suka taru a Bamako a 1991 suka rubuta tasu, wadda ta haramta shigo da irin wannan shara nahiyar baki ɗaya.

Rubutu kam ya yi kyau, babu mai kushe shi. Amma a watan Agustan 2006 jirgin ruwan nan Probo Koala, wanda kamfanin Trafigura ya yi haya, bayan ya nemi sauke dagwalonsa a Amsterdam, aka tsawwala masa kuɗin tacewa, aka mayar masa da kayansa ciki, hukumomin Holan kuma suka bar shi ya tashi, sai ya isa Abijan ta ƙasar Kwaddibuwa, inda wani ƙaramin kamfani ya kwashe dagwalon a tankoki ya zubar cikin birni da dare. Mutane fiye da 100,000 suka nemi magani, hukuma ta ƙidaya mamata 15, alhali kuwa Kwaddibuwa tana cikin yarjejeniyoyin nan duka biyu, Holan ma tana cikin ta Basel. Ita ta Bamako, da ta fara aiki a 1998, ƙasashenta ba su yi babban taronsu na farko ba sai a 2013.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da fahimtar cewa hukuncin haramta tauye mudu ba ya gyara kasuwa sai an naɗa muhtasibi, an ba shi ma'auni, an kuma tsaya masa idan ya kama babban attajiri. Muhtasibin yarjejeniyar muhalli shi ne jami'in kwastan da mai duba kaya a tashar jirgin ruwa, wanda sau da yawa ba shi da ɗakin gwaji, ba shi da hanyar tuntuɓar takwaransa na Kwatano ko Lome, albashinsa kuma bai kai abin da za a miƙa masa a ɓoye ba.

Hujjata ita ce yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda ta hana sinadaran da ke cinye rufin ozon na sararin samaniya. Ta yi nasara ne domin an kafa mata asusu, asusun ya ɗauki nauyin ofis a ƙasashe masu tasowa, aka horar da jami'an kwastan, aka wajabta lasisi ga mai shigo da kaya, aka kuma ɗora wa kowace ƙasa kawo lissafinta duk shekara. Turai ma tun 1992 take da ƙungiyar masu duba muhalli, suna musayar labari a tsakaninsu, kuma duk da haka Probo Koala ya kuɓuce musu, balle mu.

Saboda haka ina kira ga 'yan majalisunmu, kafin su sake amincewa da tafiyar wani ayari zuwa taron ƙasashen waje, su tambayi ministan muhalli ɗakunan gwaji nawa ke aiki a Apapa da Fatakwal, nawa aka ware wa hukumar kare muhalli ta NESREA domin duba kwantenonin tsofaffin kayan lantarki, kuma yaushe muka miƙa rahotonmu na ƙarshe ga sakatariyar Basel. Idan ya kasa amsawa, a riƙe kuɗin tafiyar.