Filin Ilmi: Masu Ɗaukar Hoton Abin da Ya Fi Ƙiftawar Ido Sauri

A zangunanmu idan yaro ya yi ƙoƙari a kimiyya, magana ɗaya ce: likita zai zama. To, wannan watan ga wata sana'a da ba a cika ambatonta ba, wato binciken haske da yadda yake cuɗanya da ƙananan abubuwa.

Bari mu fara da Ahmed Zewail, mutumin Masar. An haife shi a Damanhur a 1946, ya yi digiri a Jami'ar Iskandariyya, ya tafi Amurka ya gama digirin dakta a Jami'ar Pennsylvania a 1974, sannan ya kama aiki a Caltech a 1976. Damuwarsa ita ce, masana sun san sinadaran da ake haɗawa, sun san abin da ke fitowa, amma ba wanda ya taɓa ganin abin da ke faruwa a tsakani. Dalili kuwa sauri. Ƙwayoyin zarra suna rabuwa su sake haɗuwa cikin ɗan lokacin da ake aunawa da femtosakan. Idan aka gwada femtosakan ɗaya da sakan ɗaya, kamar a gwada sakan ɗaya ne da shekara miliyan 32.

Dabarar ita ce walƙiyar leza biyu. Ta farko ta tayar da motsin, ta biyu ta biyo baya ta duba inda aka kai. Yaya ake jinkirta ta biyun? Sai a ɗan ƙara mata tsawon hanya da madubi. Cikin femtosakan 100 haske bai wuce kashi 3 cikin 100 na milimita ba, wato bai kai kaurin gashin kai ba. A matsar da madubin kaɗan kaɗan, a yi ta maimaitawa, sai ga hotuna a jere kamar na silima. A 1987 Zewail da mutanensa suka ga wani molikul ya rabu cikin kamar femtosakan 200. A 1999 aka ba shi kyautar Nobel. Allah ya yi masa rasuwa a 2016.

Ɗaya ɓangaren shi ne sarrafa haske da abubuwan da ake aunawa da nanomita, kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Kada mai karatu ya ce wannan ya yi masa nisa. Jan layin nan da ke fitowa a ɗan abin gwajin zazzabin cizon sauro, yawanci ƙananan ƙwayoyin zinariya ne. Zinariya idan ta ƙanƙance haka, ja take komawa.

Yanzu maganar da ta shafi iyaye. Hanyar doguwa ce: shekara 4 na digirin farko a fiziks ko kemistiri, 2 na biyu, 3 zuwa 5 na dakta, bayan haka kwantiragin bincike na shekara 2 ko 3, sau da yawa a wata ƙasar dabam. Mutum zai haura shekara 30 bai samu kujerar dindindin ba, kuma kujerun jami'a ba su kai yawan masu nema ba. Da yawa kan koma kamfanonin leza, na sadarwa ko na kayan asibiti, kuma ni ban ga faɗuwa a nan ba. Abu ɗaya mai sauƙaƙawa: a ƙasashe irin su Jamus da Holan, yawancin masu digirin dakta a wannan fanni biyansu ake yi, ba su ne ke biya ba.

Injinan suna da tsada ƙwarai, ga su da son wutar da ba ta ɗaukewa, shi ya sa wanda ya tafi yakan rasa inda zai dawo ya yi aiki. Duk da haka akwai mafari a kusa. Jami'ar Cape Coast a Gana tana da cibiyar leza, akwai Cibiyar Leza ta Afirka da aka kafa a 2003 a Afirka ta Kudu, ga kuma cibiyar ICTP ta Trieste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964 don masana daga ƙasashe masu tasowa.

Ɗalibin da ke sha'awa, namiji ko mace, ya riƙe lissafi da kyau tun daga sakandare, ya koyi rubuta manhajar kwamfuta, ya gyara Turancinsa. A shekarar ƙarshe ta jami'a ya nemi malamin da ke aikin haske ya yi bincikensa a ƙarƙashinsa, domin wasiƙar wannan malamin tana cikin abubuwan da masu ba da gurbi suka fi dubawa.