Kafin Mu Ce "Mun Yafe"

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina ta Dawanau, Bichi da Tsanyawa, ko ta Dambatta mai zuwa Daura, ya san gonakinmu sun kai har bakin kwalta. Fili ya yi mana kaɗan, sai gefen titi ya zama wurin aiki. Nan ake shanyar barkono da kaka, nan 'yan dako ke loda buhuna, nan mai faci ke durƙushe ya ba motoci baya, nan 'yan matanmu ke talla. Idan hazo ya sauko, direban da ya sheƙo da gudu ba ya ganin mutum sai ya zo kansa.

Abin da ke biyo bayan hatsarin ya fi damunmu. Mai mota zai zo da manyansa, ya ba da haƙuri, ya ajiye kuɗin ɗori. Mu kuwa, da yake ba mu da yawa a garin kuma muna gudun fitina, nan take mu ce mun yafe. Yafiya tana da kyau, amma dattijon da ya furta ta ba shi zai ciyar da gidan wanda aka yanke wa ƙafa ba, kuma sau da yawa ba a ma tambayi matarsa ba.

Neman haƙƙi ba ramuwa ba ce. Doka ta wajabta wa masu motoci inshorar da ke biyan wanda suka buge, ko magadansa. Dokar lafiya ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa. Wanda kamfani ya ɗauka aikin hanya kuwa, dokar 2010 ta tanada masa diyya ta hannun NSITF.

Saboda haka muna roƙon dattawan kowace ikilisiya: idan abin ya faru, kada kowa ya taɓa direba. A rubuta lambar mota, a kira hukumar kiyaye haɗurra a 122, a samu rahoton 'yan sanda, a adana rasit ɗin asibiti, dattijo ɗaya ya raka iyalin har ƙarshen maganar.

Sai batun shanya, wanda laifinmu ne, domin tana ƙuntata hanya. Filin yawancin majami'unmu yana zaune haka nan daga Litinin zuwa Asabar. A buɗe shi ga masu shanya, namu da maƙwabtanmu Musulmi.