Ado Gwanja Tsakanin Masu Suka da Masoya: Wa Ya Saurari Waƙar?

A hutun daminar 2022 na je gida Azagor, arewa da Dakoro, na tarar da wata gardama a rumfar da ake cajin waya. Wani malamin firamare ne ya ji an caccaki Ado Gwanja a wani shirin rediyo, ya zo yana maimaita abin da ya ji: wai mawaƙin ya gina sunansa a kan batsa, ya lalata Hausa, kuma nan da ƴan shekaru ba mai tunawa da shi. Samarin da ke wurin suka bari ya gama, sannan ɗaya ya ce, "Mushe, ka yi haƙuri, wannan duk hassada ce." Aka ja zancen har kiran la'asar. Da na koma gida na zauna ina tuna yadda aka yi, sai na lura da wani abu: a tsawon wannan gardama babu wanda ya ɗauko ko da kalma ɗaya daga cikin waƙar ya ce ga aibinta ko ga kyawunta. An yi magana a kan tarbiyya, an yi a kan arziki da rabo, waƙar kuwa tana can cikin katin waya ba wanda ya taɓa ta.

Ga wanda bai bi lamarin ba, 2022 ce shekarar da waƙoƙin Gwanja biyu, "Warr" da "Chass", suka mamaye gidajen biki da dandalin TikTok daga Kano har Maraɗi da Damagaram. Mawaƙin, wanda masoyansa ke kira Limamin Mata, ya daɗe yana yi wa mata waƙar biki, amma a wannan karon suka ta yi tsanani a gidajen rediyo da jaridun intanet da wuraren wa'azi. A watan Satumba na shekarar wasu lauyoyi suka kai ƙara kotun shari'ar Musulunci da ke Bichi, kotun kuma ta umarci ƴan sanda su binciki Gwanja tare da wasu mawaƙa da masu wasa a TikTok bisa zargin ɓata tarbiyya. Masoya suka tashi tsaye. Amsoshinsu, in mutum ya tattara su, ba su wuce ƴan jimloli ba: hassada ga mai rabo taki ce, ɗaukaka daga Allah take, wanda ba ya so ya toshe kunnensa, in ka isa ka yi taka waƙar mu ji. Wasu kuma suka zarce zuwa ashar, suna zagin iyayen ɗan jaridar da ba su taɓa gani ba.

Ra'ayina shi ne masoyan suna da uzurin da ba a cika ba su ba, amma amsar da suka zaɓa tana cutar da mawaƙin da suke karewa. Mu kuma ɗaliban kimiyyar harshe muna da namu laifi, domin muna da kayan aikin da za su sauya wannan gardama, mun bar su a cikin kundayen digiri.

Uzurin nasu yana cikin tarihin Kano na kusa. An kafa Hukumar Tace Fina-finai ta jihar a 2001. A 2007, lokacin da Abubakar Rabo Abdulkarim ke shugabantarta, aka ɗaure Adam A. Zango saboda kundin waƙoƙinsa "Bahaushiya". A 2009 wata kotu ta haramta waƙoƙi 11 a lokaci guda, kuma a shekarar ce aka tsare Aminu Ala, mutumin da ko masu adawa da shi ba sa zarginsa da batsa. Saurayin da ya tashi yana jin waɗannan labarai ya koyi cewa sharhi mai zafi a rediyo sau da yawa shi ne ke share wa sammaci hanya. Idan mai sharhi a Faransa ko Amurka ya ce sabon kundin wata mawaƙiya bai yi armashi ba, iyakar abin da zai faru a rage saye. A Kano kalmar "ɓata tarbiyya" na iya ƙarewa a gidan yari. Don haka masoyi ba ya jin sukar a matsayin ra'ayi game da fasaha, yana jin ta a matsayin shaidar da za a karanta a gaban alƙali. Wanda ya ga ana haƙa wa gwaninsa rami ba zai tsaya auna ko mai haƙar yana da gaskiya a wani wuri ba.

Akwai kuma wata tambaya da masoyan ke yi wadda ban ji an amsa ta da kyau ba: me ya sa abin da ake yafe wa na da ake hukunta na yanzu a kansa? Duk wanda ya saurari Barmani Coge, sarauniyar kiɗan amada da ta rasu a 2013, ya san irin maganganun da take jefawa a gaban taron mata, da ƙwarya da guɗa. Zambon Alhaji Mamman Shata a wasu waƙoƙinsa ba abin da yaro zai maimaita gaban mahaifinsa ba ne, amma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988, kuma mun yarda ya cancanta. A nan Nijar, marigayi Sa'adu Bori na Maraɗi ya ɗauko waƙoƙin bori ya ɗora su kan jita da gangunan zamani, wasu suka ga saɓo, yau kuwa muna lissafa shi cikin abin alfaharinmu. Tun 1957 M. G. Smith ya nuna a nazarinsa kan roƙo cewa al'ummar Hausawa tana buƙatar maroƙi tana kuma raina shi a lokaci guda. Wannan hali bai mutu ba, kaya kawai ya sauya.

To amma a duba kalmar "hassada" da idon mai nazarin harshe a cikin hulɗa. Aikinta a gardama shi ne ta ɗauke zance daga abin da aka faɗa ta mayar da shi kan zuciyar mai faɗa. Da zarar an ce maka mahassadi, duk hujjar da ka ƙara kawowa ta zama ƙarin shaida a kanka. Kalma ce mai nauyin addini, ba wanda yake so a jingina masa ita, don haka tana rufe baki nan take. "Ɗaukaka daga Allah take" kuwa gaskiya ce da ba Musulmin da zai musa, sai dai ana amfani da ita a nan don a haramta tambayar da ba ta shafe ta ba. Allah ne ke ba manomi albarka, wannan bai hana a ce kunyarsa ta karkace ba. Abin ban sha'awa shi ne "ɓata tarbiyya" da ke bakin masu suka aiki iri ɗaya take yi. Ita ma tana tsallake waƙar ta faɗa kan halin mawaƙin, kuma duk wanda ya nemi a duba baitin sai a ce yana goyon bayan lalata. Kalmomi biyu ne masu kulle ƙofa, kowane ɓangare na riƙe da ɗaya.

Mu ɗauki zargin da ya fi shafar fagenmu, wato cewa Gwanja da ire-irensa suna lalata Hausa. "Cas" da "war" ba baƙin kalmomi ba ne. Kalmomin motsin rai ne na bakin mata, ƴan'uwan "ahayye" da guɗa, waɗanda ake jefawa wajen habaici tsakanin kishiyoyi ko a filin biki. Rudolf Gaudio, a littafinsa na 2009 kan ƴan daudun Kano, ya bayyana yadda suke aron wannan salo na mata, da karin magana da habaici, su ƙware a kansa har su fi masu shi. Gwanja, wanda ya yi suna da fitowa a matsayin ɗan daudu a fina-finai, daga wannan rijiya yake ɗiba. Abin da ya tayar da hankali shi ne an fito da wani rukunin magana daga tsakar gida, inda maza ke yi kamar ba sa ji, an ɗora shi a lasifikar kasuwa. Ana iya jayayya a kan dacewar hakan, kuma uban da ya ji ƴarsa mai shekara bakwai tana rera habaicin kishi yana da haƙƙin damuwa. Sai dai wannan magana ce ta muhallin da ya dace da kowane irin zance. Nahawun Hausa bai ji ciwo ba.

Inda za a kama shi da gaske, ba wanda ya duba. Rubutun sunan waƙar da "ch" da "ss" bin ƙa'idar Ingilishi ne; a daidaitacciyar Hausa, ta Nijeriya da ta Nijar, "cas" ake rubutawa. Ninka "r" a ɗaya sunan kuwa ya fi ban sha'awa, domin ƙoƙari ne na nuna ra-gare, sautin da rubutunmu bai bambanta shi da ra-kaɗe ba. Wanda ya rubuta ya ji giɓin da ke cikin ƙa'idar ya cike shi da dabararsa. Ga kuma babbar tambaya ta karin sauti da tsawon wasali. Hausa harshe ne da "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya suke rabuwa ta hawa da saukar murya kawai, "gari" na mutane da "gari" na tuwo kuma ta tsawon wasali. Paul Richards ya auna dangantakar karin sauti da zaƙin rerawa a wata waƙar Hausa tun 1972, Russell Schuh ya shafe shekaru yana nazarin yadda gaɓa mai nauyi da marar nauyi ke zama a kan kiɗa. Mawaƙan situdiyo da yawa, musamman masu ɗora Hausa a kan karin Indiya, suna jan gajeren wasali su danne dogo har kalma ta fita daga kamanninta. A kunnena Gwanja yana cikin masu kiyaye wannan fiye da takwarorinsa, saboda kiɗansa na biki ne mai tushe a gida. Rauninsa a wani wuri yake: yawan dogaro da amshi ɗaya, da baitocin da za a iya sauya musu wuri ba tare da an rasa komai ba, abin da ba za a yi wa waƙar Narambaɗa ko Ɗanƙwairo ba. Wannan suka ce da mawaƙi zai iya amfana da ita. Masoyin da ya kira ta hassada ya hana gwaninsa abin da zai sa waƙarsa ta wuce shekara biyu a kunnen mutane.

Mun taɓa ganin gardama irin wannan ta haifi ɗa mai ido. A shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi ya yi wa littattafan soyayya na matasan Kano suka mai zafi, ya raɗa musu suna Adabin Kasuwar Kano. Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu suka mayar da martani a shafukan jaridu, da misalai daga littattafan kansu. An yi zafi, an ɓata wa juna rai, amma daga wannan muhawara aka sami fagen nazari da ake rubuta digiri a kansa har yau. Bambancin shi ne kowane ɓangare ya karanta abin da ake faɗa a kai. Waƙar zamani ba ta sami irin wannan ba tukuna, duk da hanyar nazarin waƙar baka da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa tana nan, turke da salo da zubi da tsari, tana jiran a gwada ta a kan abin da matasa ke saurare.

Ga mu ƴan Nijar akwai ƙarin dalili. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Wace Hausa ce ke isa kunnen yaro a wuri kamar Azagor, inda Buzu da Bafillace da Bahaushe ke haɗuwa a bakin rijiya da kasuwa su yi ciniki da ita? Littafin Hausa da wuya ya kai can. Waƙar Kano kuwa tana zuwa a katin waya kafin mako ya zagayo. Kakata "munka zaka" take cewa, ƙannena kuwa na fara jin "muka zo" a bakinsu. Tana cewa "hwari", suna cewa "fari". "Shi na" tata tana ja da baya a gaban "shi ne". Ban ce waƙa kaɗai ta jawo wannan ba, akwai fim da rediyo da ƴan ci-rani masu dawowa daga Nijeriya. Amma mawaƙin da ake cewa yana lalata Hausa yana cikin masu kai Kananci inda makaranta ba ta kai daidaitacciyar Hausa ba, yana kuma taimakawa wajen shafe karin harshen Gobir da Adar daga bakin yara. Wannan riba ce ko asara? Ni ina ganin duka biyun, kuma na fi jin zafin asarar. Ko ma mene ne, ya fi cancantar zama abin gardama a rumfar caji fiye da ko ɗan jarida na jin haushin motar mawaƙi.

Da na koma rumfar bayan kwana biyu, na roƙi saurayin nan ya sa mana waƙar, na ce kowa ya ƙirga sau nawa aka maimaita amshi, kuma baiti nawa ne ya kawo sabon zance. Mushe ya ƙi zama, ya ce ba zai saurari shirme ba. Samarin suka ƙirga. Da aka gama, wanda ya kira sukar hassada ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce a ganinsa "Kujerar Tsakar Gida" ta fi wannan cika, ya fara kawo dalilansa, wani ya ce bai yarda ba.