Ƙarin Albashi a Nijar da Nijeriya: Wa Ya Ci Riba?

A 2024, bayan yajin aikin ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC, Nijeriya ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga Naira 30,000 zuwa 70,000. A shekarar ce Nijar ta kai nata Sefa 42,000 daga 30,047.

A takarda, ma'aikacin Nijeriya ya fi morewa. Sai dai Sefa a ɗaure take da Yuro, ita kuwa Naira tun da aka sake ta a 2023 ta faɗi warwas. Albashin 2019 ya haura Dala 80, na 2024 bai kai 50 ba. Ƙungiya tana iya cinikin albashi, amma darajar kuɗi ba a hannunta take ba.

Don haka ɗan kasuwar Jibiya ko Ƙonni, kafin ka sari kaya saboda ƙarin albashi, fara tambayar ɗan canji.