Kafin a haɗa wa gida kwamfuta a Gwarzo ko Kabo, a fara lissafin wuta

A gidaje da dama yanzu, maganar sayen kwamfuta ta daina zama ta ma'aikacin ofis kaɗai. Saurayin gida yana son ta don buga wasan ƙwallo. Ƙanwarsa da ta gwanance wajen gyara hoto a waya tana son allo babba da za ta yi aikin hotunan biki da suna. Uba kuma ya san tun shekarar 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, ba ya son yaronsa ya fara taɓa madannai ranar jarrabawa. A Gwarzo da Kabo, inda ɗalibai ke ƙaruwa musamman bayan kafa babbar makarantar kimiyya da fasaha ta tarayya a Kabo, wannan shawara ce mai kyau.

Sai dai akan fara ta daga inda bai kamata ba. Matashi zai buɗe YouTube ya kalli wani Bature yana haɗa kwamfuta mai fitilu kala-kala, ya rubuto jerin kaya, a saman jerin kuma katin girafik mai tsada, wato ɓangaren da ke zana hotunan wasa a allo. Baturen nan bai taɓa tunanin ɗaukewar wuta ba. Gidan da ke Getso ko Garo kuwa, tambayarsa ta farko ita ce: me zai riƙe wannan na'ura a kunne?

Lissafin ba shi da wuya. Katin RTX 3060, wanda matasa ke yawan ambato, shi kaɗai yana jan wat 170 idan ana wasa. A haɗa da furosesa, da sauran kayan ciki, da allo, za a doshi wat 300. Batirin inbata babba da aka saba gani, mai bolt 12 da amf 200, a takarda yana riƙe da wat 2,400 na awa ɗaya. Amma idan irin na ruwa ne, mai hankali ba ya zuƙe fiye da rabinsa, in ba haka ba cikin 'yan watanni zai mutu. Ita ma inbatar tana cin nata kason. Abin da zai rage bai wuce wat 1,000 ba. Ke nan wasan awa uku da 'yan mintuna ya cinye batirin gidan gaba ɗaya, ba fanka, ba ƙwan fitila, ba cajin waya.

A ɗaya ɓangaren, kwamfutar da aka haɗa da furosesa irin Ryzen 5 5600G, wadda ta fito a 2021 kuma take ɗauke da nata girafik a ciki, ita da allonta ba sa wuce wat 100 zuwa 120 ko ana aiki sosai. Batiri ɗaya ɗin nan zai riƙe ta awa takwas ko fiye. Wannan bambanci shi ne tsakanin kwamfutar da ake amfani da ita kullum da wadda aka lulluɓe da zani a kusurwar falo.

Wani zai ce ai akwai janareta. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, har litar ta haura naira dubu a ƙarshen 2024, babu maigidan da zai tayar da janareta don yaro ya buga ƙwallo. Kuma ƙaramin janaretan nan da ake gani a shaguna wutarsa hawa da sauka take yi, wanda shi ne babban makashin kayan lantarki masu laushi. Wutar KEDCO kuwa kowa ya san halinta a garinsu, kuma ba a manta da watan Oktoban 2024 ba, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka kwana fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan dakon wuta.

Saboda haka kafin a sayi ko da dunƙulen waya ɗaya, a ware kuɗin wuta daga cikin kasafin: farantin sola, batiri, da inbata mai fitar da wuta lafiyayya irin ta layi. Inbata mai arha da ke fitar da wuta mai tsalle-tsalle tana iya sa akwatin wutar kwamfutar zamani ya riƙa ƙara ko ya riƙa mutuwa da kansa. Idan gidan yana da sola tun da farko, sai a tambayi wanda ya haɗa ta nauyin da za ta iya ƙara ɗauka. Idan babu, kada a yi mamaki in kuɗin wutar ya kai na kwamfutar ko ya zarce. Iyalin da suka sayar da buhunan masara ko suka karɓi adashe don wannan sayayya sun cancanci a faɗa musu haka tun kafin su hau mota.

Wasa ko hoto, wa za a fifita?

A nan ne gardamar gida take. Ra'ayin da ya fi ƙarfi shi ne a bar gyaran hoto ya ja ragama, domin shi ne zai iya mayar da kuɗin. Hoton fasfo na masu cike takardun makaranta, katin gayyatar biki, sitika da kalandar amarya, bajon ɗalibai, hotunan saukar Alƙur'ani, ga kuma fastocin 'yan siyasa da za su cika gari yayin da zaɓen 2027 ke ƙaratowa. Da yawan irin wannan aiki har yanzu Kano ake kai shi, tafiyar kimanin kilomita 70 daga Gwarzo. Wanda ya iya tsara aikin a gida ya tura wa maɗaba'a ta WhatsApp ya rage wa mutane wahala, ya kuma samu na cefane.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. A wajen kamu da walima da sauran shagulgulan mata, gidaje da yawa sun fi natsuwa idan mace ce ta ɗauki hoton, kuma ita ce za ta gyara shi. Yarinyar da ta iya wannan aiki tana da kasuwar da yayanta ba zai iya shiga ba. Amma a gidaje da yawa, da zarar kwamfuta ta shigo, sai ta zama ta samarin gida, 'yan matan su koma leƙe. Uban da ya fitar da kuɗinsa shi ne ya kamata ya yanke wannan tun ranar farko, ya raba lokaci, ya kuma ajiye na'urar a inda kowa zai iya zama gabanta.

Wannan ma yana cikin dalilan da suka sa kwamfutar girke ta fi laftof dacewa da gida, duk da cewa laftof tana da batirinta kuma ba ta cin wuta sosai. Laftof tafiya take yi. Yau tana ɗakin samari, gobe tana wajen aboki, jibi allonta ya fashe. Ta girke tana nan inda aka ajiye ta, idon iyaye yana kai, kuma idan wani ɓangare ya lalace shi kaɗai za a cire a sauya.

Abin daɗi shi ne gyaran hoto bai dogara da katin girafik mai tsada ba. Abin da yake so shi ne RAM isasshe, wato ma'ajiyar wucin gadi da manhaja ke aiki a cikinta, da ma'ajiyar SSD mai sauri, da allo mai faɗin gaskiya. Gigabait 16 na RAM shi ne ma'auni mai kyau, kuma a saye shi guda biyu masu takwas-takwas maimakon guda ɗaya, domin furosesa mai girafik a ciki tana ƙara sauri sosai idan layi biyu ne ke ciyar da ita. Wannan ƙaramin abu ne da masu shago ba su cika damuwa su bayyana ba. Farashin RAM ya tashi a duniya tun ƙarshen 2025 saboda kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna wawashe shi, don haka a tambayi shago fiye da ɗaya.

Allon kuwa shi ne inda ake yawan yin rowa, kuma shi ne inda bai kamata ba. Allo mai arha yana sauya launi idan mutum ya ɗan karkata kansa. Mai gyara zai ga shaddar ango fara tas a allonsa, a buga hoton ta fito da ratsin shuɗi. Zai ga fatar amarya daidai, a takarda ta fito ja kamar an shafa mata jan-baki a fuska. Wanda ya taɓa mayar da kuɗin kalanda ɗari biyu saboda launin ankon ƙawaye ya sauya ya san zafin abin. A nemi allon da aka rubuta IPS a jikinsa, mai inci 22 ko 24, ko da na hannu ne.

Shi kuma mai son wasa ba a ce a yi watsi da shi ba. Kuɗin da yake kashewa a gidan gem da daren da yake yi a can ba ƙaramin abu ba ne, kuma yaro da yawa ta hanyar wasa suka fara sanin cikin kwamfuta har suka zama masu gyara. Sai dai a gaya masa gaskiya. Kwamfutar da ba ta da kati na daban za ta ɗauki eFootball da GTA V da tsofaffin wasannin FIFA idan an rage ƙawar hoton. Sababbin wasanni masu nauyi ba za su tafi yadda yake gani a bidiyo ba. Mafita ita ce a haɗa na'urar da ƙofa a buɗe: akwati mai fili, da akwatin wuta na kamfanin kirki mai wat 500 zuwa 550, ta yadda idan aikin hoto ya fara kawo kuɗi kuma an ƙara batiri, sai a saka katin daga baya. Ko a lokacin, kati mara haɗamar wuta ya fi: GTX 1650 wat 75 yake ci, RTX 4060 kuma kimanin 115, alhali ya fi 3060 ƙarfi.

A yi hattara da katunan hannu masu arhar ban mamaki. Da yawansu sun yi shekaru suna aiki dare da rana wajen haƙar kuɗin kirifto, aka zubo su kasuwa bayan da Ethereum ta daina wannan tsari a Satumban 2022.

Ga wanda kuɗinsa bai kai na sababbin kaya ba, tsofaffin kwamfutocin ofis irin Dell OptiPlex da HP EliteDesk da ake shigo da su suna da ƙarko, kuma ana samunsu a shagunan Kano kamar na titin Beirut. Amma akwai tarko. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma Windows 11 a hukumance ba ta karɓar furosesar Intel da ta gaza zubi na takwas. Mai saye ya duba lambar: i5-6500 zubi na shida ce, i5-8500 ta takwas. Mai shago zai ce duk "Core i5" ne, kuma bai yi ƙarya ba, amma tsakaninsu akwai shekarun amfani. Sannan ƙananan cikinsu, masu siririn akwati, ba sa ɗaukar babban kati, kuma akwatin wutarsu na musamman ne da ba a sauya shi da sauƙi.

Sai maganar manhaja, wadda ta shafi amana. Tun 2013 kamfanin Adobe ya mayar da Photoshop ta biyan kuɗi wata-wata, shi ya sa kusan kowa ke amfani da wadda aka fasa. Haka wasannin: da yake sauke wasa ɗaya na iya cin gigabait 50 zuwa 100, ga data ta ƙara tsada tun farkon 2025, sai a je shago a kwafo fasassu. Ta nan ƙwayoyin cutar kwamfuta ke shiga, har da masu satar bayanai da masu kulle fayiloli. Kwamfutar da ke ɗauke da hotunan matan mutane a wajen biki ba wurin gwajin kowane wasa da aka kwafo ba ce. Hoton amarya ɗaya ya fita ya zaga waya a gari kamar Kabo, inda kowa ya san kowa, ba sana'ar kaɗai za ta mutu ba, har zumunci sai ya taɓu. A buɗe wa kowa nasa asusun da kalmar sirri, a hana asusun yara ikon saka manhaja, a kuma ajiye hotunan mutane a ma'ajiya ta daban da ake cirewa a kulle. Akwai manhajoji na kyauta na halal da suka isa aikin fasfo da katin biki: GIMP, da darktable, da Affinity wadda kamfanin Canva ya mayar kyauta a ƙarshen 2025.

Ƙura da zafi su ne abokan gaba na ƙarshe. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo yana shiga ko'ina, daga Maris zuwa Mayu kuma zafi kan kai digiri 40. Akwati mai gilashi da fitilu kyau kawai gare shi. Wanda ake so shi ne mai raga a gaba da matatar ƙura da ake cirewa a wanke. Kada a ajiye shi a ƙasa, a ɗora shi kan tebur nesa da taga, a kuma buɗe shi a hure duk bayan wata biyu a lokacin hunturu.

Ranar sayayya, a tafi da wanda ya san kan abin, ba wanda ya fi kowa zumuɗi ba. A sa mai shago ya haɗa komai a gabanku, ya kunna, a duba cewa RAM da SSD da furosesar da ke ciki su ne aka rubuta a rasit, a bar ta tana aiki mai nauyi na tsawon rabin awa a ji ko tana zafi ko tana mutuwa. A kuma sa ya rubuta kwanakin garanti da hannunsa, domin dawo da kwamfuta daga Gwarzo zuwa Kano kuɗin mota ne zuwa da dawowa, da yini guda da aka rasa a gona ko a shago.