DA WANE MUDU AKE AUNA GIDAN YARI?

Jama'a, a kasa kunne!

Manomi ba ya auna gona da faɗinta, sai da damin da ya shiga rumbu. To gidan yari fa, da me za a auna shi? A 2019 aka sa hannu a sabuwar doka, aka ce daga yau sunansa gidan gyaran hali. Madalla! Amma gyaran aka yi, ko tuwo aka sake wa suna? Ga mudu uku, ku auna da kanku.

Na ɗaya, jiran shari'a. Cikin kowane mutum 3 da ke kulle a Nijeriya, wajen 2 alƙali bai yanke musu hukunci ba. Su wane ne? Galibi 'ya'yan talakawa ne. An kama yaro kan akuya ko rikicin iyakar gona, ba lauya, ba mai tsaya masa beli. Damina ta zo ta wuce, gonarsa ta koma saura, iyalinsa na bara, shi kuma da kuɗin harajinku ake ci da shi. Wani ma zaman jiran ya fi ɗaurin da za a yi masa tsawo.

Na biyu, tsaro. A Yulin 2022 aka fasa gidan yarin Kuje, fursuna fiye da 800 suka tsere. A Afrilun 2024 ruwan sama ya rushe bangon na Suleja, fiye da 100 suka fice. A Satumbar 2024 ambaliya ta ci na Maiduguri, fiye da 200 suka gudu. Mai akuya na ciki, mai bindiga na waje!

Na uku, wanda ya fito. Ya koyi kafinta ko ɗinki, ko sata ya ƙware? Akwai gonakin fursuna a Kujama da Birnin Kudu. Buhu nawa suka noma bara? Mutum nawa aka sallama suka sake komawa? A faɗa mana!

Kada ɗan takara ya ce muku wannan aikin Abuja ne. Tun 2023 aka gyara tsarin mulki, jiha ma tana da ikon kafa nata gidan. Dokar 2019 kuwa ta yarda mai ƙaramin laifi ya yi wa gari aiki maimakon kulle.

In kun zaɓe mu, kowace shekara za a karanta wannan lissafi a rediyo, da Hausa: nawa ke jira, kwana nawa suka yi, nawa suka fita da sana'a. In mudu bai cika ba, ku kore mu.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Yau ɗan maƙwabci ne, gobe naka. Ranar zaɓe a fito, maza da mata, a jefa ƙuri'a da mudu a hannu!